GIDAN MAI BI: Sa'ad Da Ciwon Daji Ya Shigo Gida

 

Maganar da za mu yi yau mai nauyi ce, watau ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, waɗansu kuma kansa. A gidaje da yawa ko sunansa ba a faɗi. Sai a ce "ciwon nan", ko kuwa "abin da likita ya gani". Amma ƙin faɗin sunansa bai hana shi shiga gidajen masu bi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen 127,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu ta dalilinsa. A cikin mata na mama ne ya fi yawa, sai na bakin mahaifa. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan kuwa yana da waɗanda suke cin tuwo tare da shi. Abin da ya taɓa hanci, ido ne ke ruwa.

Faɗa da ciwon da ke cikin jiki aikin likita ne. Amma akwai ciwo na biyu da yakan biyo bayansa, wanda ba likitan da zai iya yanke shi, shi ne kaɗaici. Mai ciwon yana kwance a tsakiyar gidansa, amma ji yake kamar an kai shi bayan gari. Wannan na biyu mu ne muke kawo shi, mu ne kuma za mu iya kawar da shi.

ABIN DA YA KAMATA KOWANE GIDA YA SANI

Jikin mutum an gina shi ne da 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda akan gina ɗaki da tubali. Suna haihuwa, suna mutuwa, bisa ga tsarin da Allah ya yi musu. Ciwon daji yakan fara ne sa'ad da waɗansunsu suka lalace, suka dinga haihuwa ba iyaka, har su zama ƙari, daga baya su bazu zuwa wasu sassan jiki.

Ba a ɗaukarsa a wurin mai shi. Ku ci a kwano ɗaya, ku sha a moɗa ɗaya, ku kwana a shimfiɗa ɗaya, ba abin da zai same ku. Gaskiya ne akwai ƙwayoyin cuta da kan share masa hanya, kamar wadda ke jawo na bakin mahaifa, da wadda ke kama hanta, amma dukansu biyu akwai allurar rigakafinsu. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar ta bakin mahaifa kyauta.

Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne. Sau nawa aka ɗora wa tsohuwar maƙwabciya, ko suruka, ko matar ɗan'uwa laifin da ba ta san hawa ba balle sauka? Sai zumuncin shekara talatin ya rushe, mai ciwon kuwa bai sami sauƙi ba. Kada kuma wani ya ce horo ne saboda wani ɓoyayyen zunubi. A Yohanna sura 9 almajirai sun ga makahon da aka haifa haka, suka so su san ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji ya ƙi ɗora wa ko ɗaya daga cikinsu. Wane ne mu da za mu ɗora?

Akwai kuma maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura. Ta hallaka mutane da yawa. Mace takan ji ƙullutu a mamanta, ta yi shekara tana yawon shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ya fashe ya bazu sa'an nan a kai ta asibiti. In ta rasu sai a ce wuƙar likita ce ta kashe ta, alhali jinkiri ne. Yawancin ƙullutun da mata ke ji ma ba daji ba ne, wanda ya zama shi ne kuwa, in an same shi da wuri, sau da yawa ana warkewa. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Sarki Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun.

SHIRUN DA KE RABA GIDA

Ga yadda abin yakan faru. Likita ya kira mai gida ko babban ɗa gefe ya faɗa masa. Dangi su taru su ce kada a gaya wa mai ciwon, wai kada hankalinta ya tashi. Niyyarsu mai kyau ce. Amma matar da ta ga ana ta kai ta ɗakin gwaji, ta ga jikinta yana ramewa, ta ga an yi tsit da zarar ta shigo, kuna tsammani ba ta sani ba? Ta sani. Sai ita ma ta yi kamar ba ta sani ba, domin kada ta ɗaga hankalin mijinta. Shi yana share hawaye a gona, ita tana share nata a ɗaki, in sun haɗu sai gaisuwa da maganar ruwan sama. Mutum biyu da suka yi shekara ashirin suna raba kowane sirri, ga shi a lokacin da suka fi bukatar juna an gina katanga a tsakaninsu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma faɗin gaskiya ba ya nufin a zuba wa mutum ita kamar ruwan sanyi. Ka zauna kusa da ita sa'ad da ba kowa, ka tambaye ta abin da ta fahimta game da ciwon, da abin da take so ta sani. Wani yana son a gaya masa kome dalla dalla, wani kuma yakan ce, "Ku dai ku ji daga likita, ku yi abin da ya kamata." Dukansu biyu a girmama su. Abin da ba shi da kyau shi ne ta yi tambaya a yi mata ƙarya. Ku tafi wurin likita tare, ku rubuta tambayoyinku tun daga gida, gama tsoro yakan sa mutum ya manta rabin abin da aka faɗa masa.

Akwai wani dalili kuma. Saƙon da Ishaya ya fara kai wa Hezekiya shi ne ya kintsa gidansa. Wanda aka ɓoye wa nauyin ciwonsa an hana shi wannan dama. Wataƙila akwai wanda yake so su sasanta, ko bashin da shi kaɗai ya san da shi. Mai gida kuwa ya kamata ya rubuta wasiyya a gaban shaidu tun da sauran ƙarfinsa, gama mun sha ganin yadda akan kwashe gona da gida a bar gwauruwa da marayu hannu wofi. Rubuta wasiyya ba ya kiran mutuwa.

TSAKANIN MIJI DA MATA

A nan zan yi magana da maza kai tsaye. A shekarar 2010 waɗansu likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka buga binciken da suka yi a kan matan aure 81 da aka cire wa mama saboda sankara. Bayan shekara uku, kashi 38 cikin 100 na matan nan aurensu ya mutu, ko kuwa sun rabu da mazansu. Kada mu yi saurin cewa wannan halin waɗansu ne, ban da mu. A cikin ekklesiya ba safai ake ba da takardar saki ba, amma akwai sakin da ba takarda. Mai gida yana kawo cefane, yana biyan kuɗin magani, amma ya daina shiga ɗakin, ya daina hira, idonsa ba ya haɗuwa da nata.

Ka san abin da matarka ke fama da shi. Maganin da ake ƙara mata ta jijiya, wanda sau da yawa akan yi kowane mako uku, yana kashe ƙwayoyin dajin, amma yana taɓa masu lafiya ma. Gashin kanta zai iya zubewa, ko da yake yakan tsiro bayan an gama. Zai sa ta amai, ya hana ta jin daɗin abinci, ya sa mata gajiyar da barci ba ya maganinta. Al'adarta tana iya tsayawa, sha'awa kuma ta ragu. In ta yi maka tsawa ba dalili, ko ta fashe da kuka a kan gishirin miya, ba reni ba ne. A bayan wannan duka akwai tambaya guda da ba za ta furta ba: har yanzu ni mace ce a idonsa?

Maza da yawa ba ƙyama ce ke sa su ja da baya ba. Tsoro ne, kada su fama mata ciwo, ko kuwa ba su san abin da za su ce ba. Amma ita ba ta ganin cikin zuciyarka, bayanka kawai take gani. Saboda haka ka faɗa mata da bakinka. In ta yarda, ka duba wurin aikin tare da ita, ka koyi wanke shi a wurin nas. Ka riƙe hannunta. Game da kwanciyar aure kuwa, da batun ɗaukar ciki wanda ya kamata a dakata da shi lokacin shan magani, ku tambayi likita ba kunya. Kada kuma miji ya hana a yi wa matarsa aiki don yana ƙyashin abin da za a cire. Gara mace mai mama ɗaya tana tarbiyyar 'ya'yanta, da kabari.

Za a sami dangi masu raɗa maka a kunne, su ce kai namiji ne, har yaushe za ka zauna haka. Ka tuna ranar da ka tsaya a gaban Allah da jama'a ka yi alkawari. Alkawarin nan ya haɗa da kwanakin rashin lafiya. Afisawa sura 5 ta sa Almasihu ya zama ma'aunin ƙaunar miji, shi kuwa bai jira ekklesiya ta yi kyan gani kafin ya ba da ransa dominta ba.

In kuwa mai gida ne ya kwanta, uwargida, ki sani abin da ya fi ci masa rai shi ne ganin kansa ba ya iya ciyar da gida. Wanda ya saba fita da asuba yanzu sai an ɗaga shi. Aikin da akan yi wa maza a ƙarƙashin mafitsara kuma yana iya rage musu ƙarfin aure, abin da ba za su gaya wa kowa ba. Fushinsa kunya ce ta sake kama. Kada ki mai da shi yaro. Ki ci gaba da neman shawararsa a kan gona, da kuɗin makaranta, da auren 'ya'ya, ko da ke ce ke riƙe da gidan yanzu.

KADA A MANTA DA YARA

Manya sukan ce yaro bai san kome ba. Ya sani. Abin da ba a gaya masa ba kuwa zai ƙulla da kansa, nasa kuma yakan fi gaskiya ban tsoro. Ƙaramin yaro yana iya ɗauka cewa rashin jinsa ne ya kwantar da uwarsa. Wani zai koma fitsarin kwance, wani ya zama mafaɗaci, wani karatunsa ya faɗi.

Ku gaya musu daidai da shekarunsu. Ɗan shekara biyar ya isa a ce masa, "Mama ba ta da lafiya ƙwarai. Likita yana ba ta magani mai ƙarfi, shi ya sa gashinta ya zube. Ba kai ka jawo ba, ba za ka ɗauka ba, kana iya rungume ta." Ku gaya masa wanda zai yi masa wanka ya ba shi abinci ran da aka tafi asibiti, gama wannan ce babbar damuwarsa. In ya tambaya ko Mama za ta mutu, kada ku rantse masa da abin da ba ya hannunku. Ku ce likitoci suna iyakar ƙoƙarinsu, muna addu'a, in abin ya sake kuma za mu gaya maka. Ku sanar da malaminsa na makaranta.

Sai babbar 'ya. Ita akan fara cirewa daga makaranta domin ta yi girki da jinya. Taimakon uwa abu ne mai kyau, amma yarinya 'yar shekara goma sha uku ba uwar gida ba ce. Kafin a rufe littattafanta, bari dangi da ekklesiya su tambayi kansu ina suke.

MAI JINYA DA ALJIHU

Jinyar daji ba ta kwana bakwai ba ce, takan ɗauki watanni, har shekaru. Kowa yana tambayar mai ciwo yaya jiki, ba mai tambayar wadda ta yi wata uku tana kwana a tabarma a gindin gadon asibiti. Wata rana za ta ji haushin mai ciwon, ko ta ce a ranta da ma a huta, sa'an nan ta tsani kanta don ta yi wannan tunani. 'Yar'uwa, gajiya ce, ba mugunta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki karɓi taimako, ki yi barci, ki je sujada ko da sau ɗaya a wata.

Kuɗi kuma yakan haɗa 'yan'uwa faɗa. Masu wannan aiki suna manyan asibitoci ne, irin na Zariya, Jos, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Abuja, na'urar da ke ƙona ciwon da haske kuwa ba a kowannensu take ba. A Jamhuriyar Nijar sai a 2021 aka buɗe wurin irin wannan gashi na farko a Yamai. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga magani. Tun da fari a tara dangi, a tambayi likita abin da ke gaba, kowa ya faɗi abin da zai iya, mutum ɗaya ya riƙe littafin shiga da fita. Ku yi hankali da duk wanda ya ce yana da maganin daji na kwana bakwai, ko ya sa farashi a kan addu'a. Kada kuma a yi lissafin kuɗi a kunnen mai ciwo, gama ya riga ya ɗauki kansa kaya.

ZUCIYAR MAI CIWO

Wata Kirista a Ingila, Cicely Saunders, ta fara da aikin nas, daga baya ta zama likita. A 1967 ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan. Ta koyar da cewa zafin da irin waɗannan ke ji ba na jiki kaɗai ba ne. Akwai na tunani, akwai na damuwar iyali da abin masarufi, akwai kuma na ruhu, dukansu a cuɗe. Wanda aka ba maganin zafi aka bar shi da tsoronsa, rabin jinya aka yi masa.

Saboda haka in ɗan'uwa ya ce yana jin tsoro, ko ya tambaya don me Allah ya bar shi, kada ka toshe masa baki da cewa mai bi ba ya faɗin haka. A Getsamani Ubangijinmu da kansa ya gaya wa almajirai uku nauyin da ke ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Kada kuma ka ce da yana da bangaskiya da ya warke. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗaukarta. Muna roƙon warkarwa da zuciya ɗaya, gama Allah yana warkarwa, amma ba mu ne muke ba shi umarni ba.

Baƙin ciki yakan zo ya wuce. Amma in ya yi mako biyu ko fiye ba ya ɗagawa, mutum ya daina sha'awar kome, ba ya son ganin kowa, yana cewa shi ba shi da amfani, ko yana maganar kashe kansa, a gaya wa likita nan da nan. Wannan ma ciwo ne, yana da magani. Haka kuma maganin zafi mai ƙarfi da likita ya rubuta, a ba shi a kan lokaci. Barin mutum yana murƙususu ba ibada ba ce.

AIKIN EKKLESIYA

Abokan Ayuba sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, wannan ne mafi kyaun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suka shiga neman laifinsa, sai suka zama ƙarin ciwo. In ka je gaisuwa, kada ka daɗe sai an riƙe ka. Kada ka kawo labarin wance da ta yi irin wannan ciwo ta mutu. In kana mura ko tari ka dakata tukuna, gama maganin yakan raunana garkuwar jiki, har zazzaɓi kaɗan ma sai an koma asibiti da sauri. Kada a sanar da sunan ciwon a kan bagade sai da yardar mai shi, kada kuma roƙon addu'a ya zama rigar tsegumi.

A makon fari gidan yakan cika maƙil. A wata na huɗu fa? Zumunta a ƙafa take. Bari Zumuntar Mata ta raba kwanaki, wannan ta kawo tuwo ran Talata, waccan ta yi wanki ran Jumma'a. Matasa su yi gayya a gonar gidan, su ɗebo ruwa, masu lafiya su ba da jini. Dattawa su tsaya a kan kuɗin makarantar yaran. Fasto ya kai Jibin Ubangiji har bakin gado. Kada a ce wa mutum, "In kana bukatar wani abu ka faɗa", gama ba zai faɗa ba. A ce masa, "Gobe zan kai ku tasha." Wanda ya warke kuma a marabce shi, a mayar masa da aikinsa a cikin ekklesiya, a tuna cewa kowane komawa gwaji yakan tayar masa da tsohon tsoro.

Ba a hannunmu yake mu ce wane zai tashi, wane ba zai tashi ba. Amma a hannunmu yake kada ɗan'uwa ko 'yar'uwa su bi wannan hanya su kaɗai. Kafin watan nan ya ƙare, ka tuna da gida ɗaya a unguwarku, ka taka ka je.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi gidajen da ciwon nan ya shiga. Ka ba likitoci hikima, ka ba masu jinya ƙarfi, ka kwantar da hankalin yara. Ka buɗe bakin miji da mata su gaya wa juna gaskiya cikin ƙauna. Mu kuma ka hana mu barci sa'ad da ɗan'uwanmu ke bukatar mai tsaro. Cikin sunan Yesu, Amin.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.